Yaƙi Da Sanyi A Gidajen Talakawan Ingila

Galibin mutanenmu idan aka ambaci Ingila, abin da ke fara faɗo musu a rai shi ne ƙasar arziki, inda ba mai kwana da tunanin abin da zai ci, balle abin da zai rufa. To, lalle akwai arziki, amma akwai kuma wata masifa da ke sauka a kan talakawan ƙasar kowace shekara tun daga watan Nuwamba har zuwa Maris, watau sanyi. Sanyin da mu ke kuka da shi da hunturu, da hantsi ya ɗaga sai ya saki mutum. Nasu kuwa wuni ya ke yi ya kwana har wata huɗu ko biyar, rana ta faɗi tun wajen ƙarfe huɗu na yamma, ruwa ya daskare a kan hanya. Tsohon da bai sami abin ɗumama ɗakinsa ba yana iya rasa ransa bisa gadonsa.

Ɗumama gida kuwa sai da kuɗi. Mafi yawan gidajen ƙasar da iskar gas a ke dafa ruwa a wata tukunya, ruwan zafin ya bi bututu ya zaga ɗakuna. Duk wata ko duk wata uku sai takardar biya ta zo. Wanda samunsa bai kai ya biya wannan ba sai ya tauye cikinsa, shi Turawa ke cewa yana cikin talaucin makamashi. Wata masaniya ta Jami'ar Oxford, Brenda Boardman, ita ce ta aza masa ma'auni a littafin da ta wallafa cikin 1991: duk gidan da sai ya kashe fiye da kashi goma cikin ɗari na samunsa kafin ya sami isasshen makamashi, ya shiga wannan hali. Daga baya Gwamnati ta sake ma'aunin har sau biyu. Bisa lissafinta na 2022, fiye da gida miliyan 3 ke ciki a Ingila kaɗai, watau kusan gida ɗaya cikin kowane takwas.

Illar da sanyi ke yi

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara kada ɗakin da mutum ke zaune ya yi ƙasa da digiri 18 a ma'aunin Salshiyas. Likitoci sun tabbatar in jiki ya daɗe cikin sanyi jini ya kan hau, ya kuma yi kauri, daga nan sai bugun zuciya ko shanyewar jiki. Ciwon ƙirji da tari da asma duk su kan tsananta. Har ila yau ɗaki mai sanyi ya kan tara danshi, bango ya yi baƙi da fumfuna, yara su yi ta shaƙa. Malaman makaranta ba sa bukatar a gaya musu yadda karatun yaro zai zama in ya kwana yana makyarkyata, ko kuwa gidansu ɗaki ɗaya kaɗai a ke iya ɗumamawa, kowa ya taru a ciki ba wurin buɗe littafi.

Ofishin ƙididdiga na ƙasar ya sha gwada yawan waɗanda suka mutu cikin watanni huɗu na sanyi da na sauran watanni. A sanyin 2017 zuwa 2018 rarar ta kai kusan mutum 50,000 a Ingila da Wales. Mura mai tsanani ta ɗauki da yawa daga ciki, amma masana sun yarda gidaje masu sanyi na da kaso babba. Abin da ya ƙara ƙarfafa wannan zance shi ne, ƙasashe irin su Finland da Sweden sun fi Ingila sanyi nesa ba kusa ba, amma rarar mutuwarsu ta lokacin sanyi ba ta kai tata ba, domin ginin gidajensu na riƙe zafi. A Ingila kuwa kusan gida ɗaya cikin biyar an gina shi ne tun kafin 1919. Gidan da ba a gyara ba, wajen rubu'in zafinsa ta rufi ya ke fita, wajen sulusi kuma ta bango. Mai irin wannan gida ko nawa ya biya, zuba ruwa a kwando ya ke yi.

Ke nan abu uku ne ke haɗuwa su jefa gida cikin wannan hali: ƙarancin samu, da tsadar makamashi, da lalacewar ginin. Na farko da na biyu suna hannun Gwamnatin Landan da kasuwar duniya. Na uku shi ne wanda majalisun gari ke iya taɓawa da hannunsu, kuma a nan ne aikinsu ya fi yin albarka, kamar yadda za mu gani.

Majalisun gari da ikonsu

Majalisar gari a Ingila kwatankwacin En'e ce da aka sani a ƙasar nan kafin gyaran mulkin ƙananan hukumomi na 1976. Tana karɓar harajin gidaje, tana kula da tsofaffi da marayu, tana da ma'aji da akawuna da duba-gari, da yawa kuma suna da gidajen haya na kansu. Sha'anin wuta da gas ba baƙonsu ba ne. Tun 1875 majalisar Birmingham, ƙarƙashin Joseph Chamberlain, ta saye kamfanonin gas na garin ta mai da su na jama'a. Gwamnati ce ta karɓe lantarki daga hannun majalisu cikin 1948, gas kuma cikin 1949, sa'an nan ta sayar wa 'yan kasuwa, gas cikin 1986, lantarki daga 1990. Tun daga nan majalisa ba ta da ta cewa a kan farashi.

Abin da ya rage mata shi ne gidajen. Dokar 1995 ta wajabta wa majalisu su riƙa ba da rahoto a kan yadda za a rage asarar makamashi a gidajen ƙasarsu. Dokar shekara ta 2000 kuma ta sa Gwamnati ta ɗauki alkawarin kawar da talaucin makamashi iyakar iyawarta, aka yanka wa'adi zuwa 2016. Wa'adin ya zo ya wuce ba a cika ba. Ana nan kuma sai aka shiga tsuke bakin aljihu: babban ofishin binciken asusun ƙasa ya bayyana cewa daga 2010 zuwa 2018 kuɗin da Gwamnati ke ba majalisu ya ragu da kusan rabi. Duk abin da za a faɗa a ƙasa, cikin wannan ƙunci aka yi mafi yawansa.

Gida gida a Kirklees

Kirklees gunduma ce a Yammacin Yorkshire, babban garinta Huddersfield, mutanenta sun haura 400,000. Ƙasar tuddai ce mai iska, tsofaffin gidajen ma'aikatan masaƙu sun cika ta. Daga 2007 zuwa 2010 majalisarta ta yi wani aiki wanda har yau a ke buga misali da shi. Ta yanke shawara duk gidan da ya dace za a shimfiɗa masa abin tare zafi a saman silin, a kuma ɗura masa a cikin bango, kyauta, ba ruwan kowa da ko mai gidan talaka ne ko mai hali. Abin tare zafin wani irin ulu ne da a ke yi da narkakken gilashi ko dutse, kaurin da a ke so a saman silin ya kai milimita 270. Bangon kuwa, gidajen da aka gina bayan wajen 1930 bango biyu gare su da rata a tsakani, sai a huda ƙananan kafofi a hura abin ya cike ratar.

Yadda aka bi da aikin shi ne abin lura. Ba a zauna a ofis ana jiran masu takardar roƙo ba. Ma'aikata ne suka fita unguwa unguwa suna ƙwanƙwasa ƙofa, in ba su tarar da kowa ba su komo. In sun shiga su duba ginin, su ba da na'urar da ke yin ƙara in iska mai guba ta tsiyayo daga tukunyar gas, su kuma tambaya ko akwai kuɗin taimako da mai gida ya cancanta bai sani ba. Da aka gama, fiye da gida 50,000 sun sami gyara, an kashe wajen fam miliyan 20. Kusan rabi daga baitulmalin majalisa ya fito, mafi yawan sauran daga kamfanin Scottish Power, wanda doka ta ɗora wa irinsa nauyin taimakawa a rage asarar makamashi.

Mai karatu zai ce, don me za a yi wa mai kuɗi kyauta? Dalili biyu ne. Na ɗaya, tantance talaka da takardu na cin kuɗi da lokaci, kuma tsofaffi da yawa kunya ta kan hana su amsa sunan mabukata, amma in kowa a layin ana yi masa, ba wanda zai ji nauyi. Na biyu, in leburori suka gama layi guda a zuwa ɗaya, kuɗin kowane gida ya kan sauko ƙwarai. Gyaran kuwa sau ɗaya a ke yinsa, ya yi shekaru yana rage wa mai gida biya.

Ƙofa ɗaya a Islington

Islington unguwa ce a cikin Landan inda attajirai da talakawa ke maƙwabtaka da juna. Majalisarta ta lura cewa waɗanda sanyi ya fi yi wa illa su ne waɗanda ba sa zuwa ofis: tsohuwar da ke zaune ita kaɗai, da mai ciwon ƙirji, da uwa mai jarirai. Amma akwai masu ganinsu kullum, watau likita da ungozoma da ma'aikacin jin daɗin jama'a. Sabo da haka a ƙarshen 2010 ta kafa wani shiri mai suna SHINE. Duk ma'aikacin da ya shiga gida ya ji sanyi, takarda ɗaya zai cika ya aika ofis ɗaya. Daga nan ofishin ne zai tura mai duba tukunyar gas, da mai binciken haƙƙin kuɗin taimako, da mai sasanta bashi da kamfani, da 'yan kwana-kwana su duba hatsarin gobara. Da can sai mutum ya bi ofis shida ko bakwai da ƙafarsa, mai rauni kuwa tun a na biyu ya ke gajiya. Shirin ya yi kyau har aka faɗaɗa shi zuwa sauran sassan Landan.

Majalisar nan ta yi wata dabara kuma. Jiragen ƙasa da ke bin ƙarƙashin birnin suna fid da iska mai ɗumi wadda da can a banza ta ke tashi. Cikin 2020 aka buɗe wata tasha a Bunhill, a gurbin tsohuwar tashar jirgi ta City Road, inda inji ke tattara wannan ɗumi ya ƙara masa ƙarfi ya dafa ruwa. Bututun Bunhill gaba ɗaya na kai ruwan zafi ga fiye da gida dubu, da makarantar firamare.

Akwai kuma aikin duba-gari. Dokar gidaje ta 2004 ta lissafa tsananin sanyi cikin hatsarorin da zai iya tilasta wa mai gidan haya ya gyara. Kowane gida da za a sayar ko a ba da haya a kan ba shi shaidar daraja daga A zuwa G gwargwadon riƙon zafinsa, kuma tun watan Afrilu 2020 haramun ne a bar ɗan haya a gidan da ya gaza E, sai fa in da uzurin da doka ta yarda da shi. Majalisa ce ke da ikon cin tara. Sai dai doka ba ta tafiya da ƙafarta, majalisu da yawa kuwa ba su da isassun duba-gari, ɗan haya kuma na tsoron in ya kai ƙara a ba shi takardar tashi.

Asarar Nottingham

Wajibi ne a faɗi inda aka yi tuntuɓe. Majalisar birnin Nottingham ta ga kamfanoni na tatsar talakawanta, sai ta ce bari ta kafa nata. Cikin 2015 ta buɗe kamfanin sayar da gas da lantarki ba don riba ba, ta raɗa masa suna Robin Hood Energy, sunan wani ɗan fashi na tatsuniyar ƙasar wanda a ke cewa ya kan ƙwace na attajirai ya ba matalauta. Niyyar kyakkyawa ce, jama'a kuma suka yi maraba.

Amma cinikin makamashi sana'a ce mai hatsari. Mai sayarwa sai ya sayi gas tun watanni kafin a bukace shi, in ya kuskure farashi asara ta hau kansa, ga kuma bashin da ba a biya ba. Kamfanin ya yi ta asara, majalisa ta yi ta ɗura masa kuɗin jama'a. Cikin watan Agusta 2020 odita ya fid da rahoto a bainar jama'a, ya nuna waɗanda aka ɗora su sa ido a kan kamfanin ba su da ƙwarewar wannan ciniki, majalisa kuma ta ƙi sauraron gargaɗin ma'aikatanta na kuɗi. A wata mai zuwa aka sayar da masu hulɗa da kamfanin ga British Gas, ɗaya daga cikin manyan da aka kafa shi don ya kara da su. Asarar ta kai wajen fam miliyan 38. Birnin Bristol ma ya kafa irinsa cikin 2015, ya sayar cikin 2020 bayan asara mai yawa. Cikin watan Nuwamba 2023 ma'ajin Nottingham ya ba da sanarwar cewa kuɗin shiga ba zai ɗauki kuɗin fita ba, aka tsai da duk sabon kashe kuɗi in ban da na dole. Dalilan wannan suna da yawa, amma raunin Robin Hood na cikinsu. Garin neman gira aka taɓa ido.

Abin mamaki, wannan majalisa ɗin dai ita ce ta fara gwada wata dabarar mutanen Holan a ƙasar cikin 2017, a unguwar Sneinton, inda aka lulluɓe tsofaffin gidaje goma da sabon bango da rufi da aka ƙera a masana'anta. Da ta tsaya a kan gini, wanda ta sani, ta yi abin kirki.

Sanyin 2022

Jarrabawa mafi tsanani ta zo bayan Rasha ta auka wa Yukren cikin watan Fabrairu 2022, farashin gas ya yi tashin gwauron zabi. Hukumar Ofgem ita ke ƙayyade iyakar farashi. Abin da matsakaicin gida zai biya a shekara ya tashi daga fam 1,277 a watan Oktoba 2021 zuwa fam 1,971 a watan Afrilu 2022. Da aka sanar zai kai fam 3,549 a watan Oktoba, sai Gwamnati ta shiga tsakani ta tsai da shi a fam 2,500, ta ɗauki sauran. Waɗanda suka fi shan wuya su ne masu mitar kati, domin su da kuɗi ya ƙare wuta ta ɗauke, ba mai sani. Cikin watan Fabrairu 2023 jaridar Times ta fallasa yadda a ke fasa ƙofofin marasa ƙarfi da iznin kotu a saka musu irin wannan mita, har aka dakatar da yin haka.

Da Gwamnati ta tashi raba taimako, majalisu ta nema, domin su ke da rajistar gidaje. Su suka raba fam 150 ga gidajen da ke ƙananan matakan haraji cikin 2022, su kuma suka riƙa raba wani asusun agajin iyali da aka buɗe a watan Oktoba 2021. Bayan wannan, majalisu irin su Gateshead suka shirya ɗakunan jin ɗumi. Aka buɗe laburare da coci da masallatai da zaurukan taro, duk mai so ya shigo ya zauna, ya sha shayi, ba a tambayarsa dalili. Dubban wurare suka yi haka a faɗin ƙasar. Sun rage wa tsofaffi kaɗaici, sun kuma zama wurin da ma'aikata ke gano mabukata. Amma da yamma ta yi a kan rufe ƙofa, kowa ya koma ɗakinsa mai sanyi, shekara ta zagayo kuma a sake neman kuɗin daga farko.

A tsakiyar wannan sanyi ne, cikin watan Nuwamba 2022, mai binciken dalilin mutuwa ya yanke cewa fumfunar bangon gidan haya ce ta kashe wani yaro ɗan shekara biyu a Rochdale cikin 2020, bayan iyayensa sun yi ta kai kuka ba a kula ba. Hankalin ƙasar ya tashi, aka yi dokar da a ke kira Dokar Awaab, da sunan yaron. Tun ran 27 ga watan Oktoba 2025, majalisa ko ƙungiyar da ke ba da gidajen hayar jama'a, in aka kai mata kukan danshi da fumfuna mai hatsari, dole ta bincika cikin kwana goma na aiki, in na gaggawa ne kuwa cikin awa 24.

Abin da ya rage

Wa'adin da ke gaba shi ne 2030, lokacin da doka ta ce a kai gidajen masu talaucin makamashi darajar C iyakar yadda zai yiwu. Aikin da ya saura ya fi wanda aka yi wuya, domin gidaje masu sauƙin gyara an gama da yawansu, saura tsofaffi masu bango ɗaya waɗanda sai an lulluɓe su ta waje ko ta ciki da kuɗi mai yawa. Gaggawa kuwa ta riga ta nuna illarta. Cikin watan Oktoba 2025 babban ofishin binciken asusu ya bayyana cewa kashi 98 cikin ɗari na gidajen da aka lulluɓe ta waje ƙarƙashin shirye-shiryen Gwamnati na baya-bayan nan, waɗanda kamfanonin makamashi suka biya 'yan kwangila suka yi, suna bukatar a sake gyara su, in ba haka ba danshi zai kama su. An biya kuɗi bisa takarda, ba wanda ya je ya duba aikin da idonsa yadda ya kamata.

Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo. Ministan da ke Landan bai san layin da tsohuwa ke kwana da rigar sanyi uku ba, amma akawun haraji na da lambar gidanta, ungozoma ta shiga maƙwabtanta, malamin makaranta kuma ya ga jikanta yana tari tun farkon zango. Duk inda aka sami nasara a wannan yaƙi, za a tarar an haɗa abin da waɗannan mutane suka sani wuri ɗaya, sa'an nan aka tura mai gyara, aka kuma tura mai duba aikin mai gyaran. Akawuna da malamai masu karanta wannan shafi, kada ku raina rajistar da ke gabanku, ko yaron da kuka ga ya canza. Allah ya sa mu zama masu riƙon amanar jama'a, amin.